Yadda zaka cike giɓin iliminka na kasuwanci da kwasa-kwasan jami'a na kyauta a intanet

Yawancin masu kasuwanci ba a aji suka koya ba, a bakin aiki suka koya, kuma wannan koyon babu mai raina shi, sai dai yana barin giɓi nan da can. Zaka ga mutum gwani ne wajen jawo kwastoma, bakinsa kaɗai ya isa ya sayar da kaya, amma ka tambaye shi ribar nawa ya ci watan jiya sai ya hau kame-kame yana cewa ai dai ana samu. Wani kuma lissafi ba a ja da shi, amma ma'aikaci baya wata shida a hannunsa sai ya gudu. Wani injiniya ne ko malamin asibiti da aka wayi gari an ɗora shi shugabancin sashe, yanzu ana turo masa takardun kasafin kuɗi yana sa hannu gabansa na faɗuwa kar wani ya ce ya yi bayani. Duk waɗannan ba digirin MBA, wato digiri na biyu kan gudanar da kasuwanci, na shekara biyu suke buƙata ba, abu ɗaya ne ko biyu suka kuɓuce musu, kuma abin yana nan a intanet kyauta, daga bakin malaman da suke koyar da shi a manyan jami'o'in duniya.

Toh amma samun kwas ɗin ba shi ne aiki ba, sun ma yi yawa har sun zama matsala. A 2019 wasu masu bincike biyu, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente, sun fitar da nazari a mujallar Science kan kwasa-kwasan jami'o'in MIT da Harvard na Amurka da ke shafin karatu na edX, suka tarar a zangon 2017 zuwa 2018 kashi 3 da ɗan ɗoriya cikin 100 ne kawai na waɗanda suka shiga suke kaiwa ƙarshe. Ni a ganina babban dalilin shi ne mutane suna farawa daga kwas ne maimakon su fara daga matsalarsu, kamar majinyacin da ya shiga kemis ya ce a ba shi duk maganin da yake kyauta ba tare da ya faɗi inda ke masa ciwo ba. Dan haka matakan nan da zan jero, na farkon ya fi sauran duka nauyi.

Mataki na farko: gano ainihin inda giɓin yake

Kar ka buɗe kowane shafi tukuna. Ɗauki biro da takarda ka waiwayi wata ukun da suka wuce, ka rubuta abu uku. Na ɗaya, duk shawarar da ka yanke da ka kawai ba tare da lissafi ba, kamar farashin da ka sa wa sabon kaya, ko ragin da ka yi wa wani babban kwastoma, ko ɗaukar ƙarin ma'aikaci. Na biyu, tambayoyin da aka maka ka kasa amsawa, ko daga banki ne ko daga abokin haɗin gwiwa ko daga oga a ofis. Na uku kuma, wannan sai ka cire kunya, lokutan da ake magana a mitin kana gyaɗa kai alhali baka gane komai ba.

In ka gama, sai ka juya kowanne ya zama tambaya guda mai kai da ƙafa. "Ina son in iya kasuwanci" ba tambaya bace, babu kwas ɗin da zai amsa maka ita. Amma "me yasa ciniki yake ƙaruwa amma kullum babu kuɗi a asusu" tambaya ce, kuma tana da amsa, amsar ma bata wuce lakca uku ko huɗu ba.

Daga nan sai ka ga kowace tambaya gidan wa take. Makarantun kasuwanci kusan duka darussa iri ɗaya suke farawa da su a shekarar farko, kuma matsalarka da wuya ta fita daga cikinsu. In baka san ribarka ba ko baka iya karanta takardun shige da ficen kuɗi ba, akantin kake nema. In tambayarka ita ce ko ya dace in ci bashi in sayi inji, ko wannan jarin zai dawo da kansa cikin shekara nawa, wannan darasin sarrafa kuɗi ne. Wa zan sayar wa, a nawa, ta wace hanya, me yasa suka saya sau ɗaya basu dawo ba, wannan maketin ne, kuma a kula maketin ya fi ƙarfin talla, talla ɗan yanki ne kawai a ciki. Oda tana makara, kaya na lalacewa a sito, layi na yin tsawo, wannan darasin tafiyar da aiki ne. Sai riƙe ma'aikata, sai dabarun ciniki da sasantawa, sai tattalin arziki da ƙididdiga waɗanda su ne ƙasan komai.

Zaka iya tarar da giɓi biyar ko shida, ba komai, kowa haka yake. Zaɓi guda ɗaya, wanda ya fi cinye maka kuɗi a yanzu. In kuma ka rasa na zaɓa, ni dai akantin zan ce maka, dan duk sauran darussan da yarensa suke magana, wanda bai san bambancin riba da kuɗin hannu ba zai sha wuya a ko'ina.

Mataki na biyu: san gidajen da ake samunsu

Iri biyu ne a taƙaice. Akwai waɗanda jami'a ta zuba kayan karatunta a fili kowa ya ɗiba, babu rajista babu jarrabawa babu mai bibiyarka. Babbansu shi ne MIT OpenCourseWare, wanda aka sanar da shi a 2001, yanzu yana da kwas sama da 2,500, kuma na makarantar kasuwancinsu ta Sloan duk lambarsu da 15 take farawa, dan haka in ka ga 15.501 akantin ne, 15.401 kuma darasin kuɗi ne na Andrew Lo. Wannan na Lo ɗin a ƙarshen 2008 aka ɗauke shi, daidai lokacin da bankunan Amurka ke rugujewa, zaka ji malamin yana shigowa aji yana kawo labarin abin da ya faru a kasuwa a makon, abin da daɗin kallo ko dan wannan. Suna kuma da 14.01 na Jonathan Gruber kan tushen tattalin arziki. Abin lura a MIT shi ne ba kowane kwas ne yake da bidiyo ba, wasu takardun lakca ne kawai da tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu, sai ka duba kafin ka sa rai. Jami'ar Yale ma tana da irin wannan tun 2007, Open Yale Courses, a can ne Robert Shiller, wanda ya ci kyautar Nobel a 2013, yake da lakcocinsa kan kasuwannin kuɗi, Ben Polak kuma yake da lakca 24 kan yadda ake hasashen matakin abokin gasa kafin ka ɗau naka.

Iri na biyu su ne masu tsari, ka yi rajista, a raba maka karatu mako-mako, da gajerun bidiyo na minti goma ko sha biyar da kwiz a bayansu. Coursera da edX duk a 2012 aka kafa su, ta farkon malaman Stanford biyu ne suka kafa, Andrew Ng da Daphne Koller, ta biyun kuma MIT da Harvard, kafin a sayar da ita ga kamfanin 2U a 2021. A Coursera ne makarantar Wharton ta jami'ar Pennsylvania take da jerin darussan tushe, Brian Bushee na koyar da akantin, Christian Terwiesch tafiyar da aiki, Michael Roberts harkar kuɗin kamfani, maketin kuma akwai Barbara Kahn da Peter Fader. George Siedel na jami'ar Michigan yana da kwas kan sasantawa da ciniki, jami'ar Macquarie ta Ostareliya kuma tana da na Excel dan 'yan kasuwa, wanda mutane ke rainawa alhali ya fi wasu manyan darussan amfani a aikin yau da gobe.

Sai OpenLearn na Open University ta Birtaniya, tun 2006 yake, shi kyauta ne daga farko har ƙarshe, har takardar shaidar kammalawa suke bayarwa ba ko sisi, kuma yawancin darussansu rubutu ne ba bidiyo ba, gajeru, akwai na koyon ajiye lissafi da bai wuce awa takwas ba. Ga wanda yake farawa daga sifili ko wanda data ke wa wuya, nan zan fara tura shi. Indiya ma suna da NPTEL tun 2003 da SWAYAM, darussan mako 4 ko 8 ko 12, bidiyoyin NPTEL suna YouTube, kuɗi sai in zaka zauna jarrabawa. In kana son littafin da zaka riƙa dubawa a gefe, OpenStax na jami'ar Rice suna da littattafan akantin da maketin da gudanarwa da zaka sauke kyauta ta halal. In kuma baka son yawo gida-gida, Class Central shafi ne da ke tattaro kwasa-kwasan wurare da yawa da ra'ayin waɗanda suka yi su, ka rubuta abin da kake nema ya jero maka.

Mataki na uku: tace su ka tsayar da guda ɗaya

Fito da uku da suka yi kama da tambayarka, ka buɗe silabas ɗin kowanne. Abin da kake nema shi ne ka ga tambayarka a cikin taken wani mako, in baka ganta ba wuce, komai girman sunan jami'ar. Duba kuma me ake so ka sani kafin ka shiga, dan wasu darussan MIT na 'yan digiri na biyu ne kuma lissafinsu ba na wasa bane, in ka faɗa ciki ba shiri zaka ɗauka kai ne baka da ƙwaƙwalwa alhali ƙofar ce ka ɓata. Bayan haka kalli minti ashirin na farko na kowanne. Malami ma dacewa ce, wani farfesa ne babba amma muryarsa barci take sa ka, wani kuma ko sunansa baka taɓa ji ba amma yana magana abu na shiga. Ɗauki wanda kake ganewa.

Tsufan kwas kuma ya danganta da darasi. Akantin da lissafin kuɗi da tattalin arziki, na 2008 ma yana aiki yau, tushen ƙa'idojin bai motsa ba. Tallan intanet da soshiyal midiya kuwa in ya wuce shekara uku rabinsa ya zama tarihi.

Guda ɗaya fa na ce. Yin rajistar kwas takwas a dare ɗaya yana sa mutum ya ji kamar ya yi wani abu, kuma wannan jin daɗin ne yake kashe karatun tun ba a fara ba.

Mataki na huɗu: shiga ba tare da an cire maka kuɗi ba

Nan ake kama mutane. Shafukan nan kamfanoni ne, neman kuɗi suke, dan haka maɓallin biya shi ne babba mai launi a tsakiya, na kyautan kuma ƙaramin rubutu ne a ƙasa da sai ka sa ido. A edX bayan ka danna shiga za a ba ka zaɓi biyu, ɗauki wanda aka rubuta Audit, zaka samu bidiyo da karatu amma banda ayyukan da ake makin, kuma yana da wa'adi, in makonnin kwas ɗin suka cika za a rufe maka, dan haka kar ka shiga sai ranar da ka shirya farawa. Coursera tsarinsu yana yawan canzawa, da can kusan komai ana iya kallo kyauta, yanzu kwas da yawa sashen farko kawai ake buɗe maka sauran sai da kuɗi. In ka haɗu da haka hanya biyu ce. Ko ka nemi tallafin karatu, akwai ɗan rubutu kusa da maɓallin shiga da ke cewa Financial aid, zaka cike fom ka faɗi halin da kake ciki da dalilin da yasa kake son kwas ɗin, ka jira kamar mako biyu, kuma ka rubuta gaskiya da bakinka, ka ambaci ainihin matsalar da ka rubuta a mataki na farko, ya fi kwafo na wani. Ko kuma ka nemi darasin iri ɗaya a MIT ko OpenLearn ko NPTEL, dan akantin ɗin Wharton da na wani wuri duk zare-kuɗi da zuba-kuɗi ɗaya suke koyarwa.

Abin da zan ja kunne a kai shi ne gwajin kwana bakwai kyauta da Coursera ke bayarwa. Shi sai ka sa katin banki, kuma in kwanakin suka cika baka soke ba za a fara cira duk wata, shiru, sai dai ka ga alat. In har zaka yi, sa ƙararrawa a waya a rana ta biyar. Ƙa'ida mai sauƙi dai, duk inda aka nemi lambar kati to ba ƙofar kyauta ka bi ba, koma baya ka sake dubawa.

Mataki na biyar: tsara lokacin

Minti arba'in sau huɗu a mako ya fi awa biyar a rana ɗaya, saboda awa biyar ɗin nan ba zata taɓa samuwa ba, kullum wani abu zai taso. Tsayar da lokaci guda da wuri guda, kafin a buɗe aiki ko bayan an tashi. Sauke bidiyoyin mako gaba ɗaya lokacin da ka samu intanet mai ƙarfi, manhajojin Coursera da edX suna bari, ka rage ingancin hoton dan allo da murya kawai kake buƙata. In Turancin malamin na maka sauri kunna rubutun ƙasa ka rage gudun zuwa 0.75, kusan duk suna da rubutaccen abin da aka faɗa a lakca wanda zaka iya karantawa a nitse ko ka fassara. Kuma da biro a hannu ake kallo, in malam ya kawo lissafi tsayar da bidiyon ka yi da kanka kafin ya faɗi amsa. Kallon lakca a kwance yana da daɗi, zaka ji kamar ka gane komai, washegari a ba ka lambobi ka rasa ta ina zaka fara.

In da hali samu mutum ɗaya ku yi tare, ko a waya ne ku riƙa haɗuwa ƙarshen mako kowa ya yi wa ɗan'uwansa bayanin abin da ya koya. Wajen bayanin ne zaka gane inda baka gane ba.

Mataki na shida: sa lambobinka a ciki tun a makon

Wannan shi ne inda kwas yake zama ilimi, kuma shi ne wanda babu jami'ar da zata maka. Duk abin da aka koyar a mako, kafin ka wuce na gaba, cire misalin malam ka sa na kasuwancinka ko na sashen da kake riƙe da shi a ofis.

Bari in nuna da misali, da kowane irin kuɗi kake lissafi duk ɗaya ne. A ce kana sayen kaya a 80 kana sayarwa a 100. Da yawa zasu ce ribarsu kashi 25 ce, dan 20 a kan 80 kenan, kuma haka ne in daga kuɗin saye kake aunawa, amma daga cikin kuɗin da ya shigo hannunka kashi 20 ne kawai naka. Yanzu kwastoma ya zo ya ce a rage masa kashi 10, ka ga ai ba wani abu bane kashi 10, ka sallama a 90. Toh ribarka ta tashi daga 20 ta koma 10, rabi ta tafi, ba kashi 10 ba. Ƙara da wannan, a ce haya da albashi da wuta da sauran abin da sai ka biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba sun kama 3,000 a wata. A riba 20 sai ka sayar da guda 150 kafin ka fara cin ko sisi, in kuma ragin nan ya zama na kowa da kowa sai ka sayar da 300. Wannan lissafin a farkon kowane darasin akantin na masu gudanarwa yake, bai fi minti goma sha biyar ba, amma ranar da ka yi shi da lambobinka na gaske, daga ranar bakinka zai yi nauyi wajen cewa na rage maka.

Ga kuma tambayar nan ta ciniki na ƙaruwa amma asusu babu kuɗi. Darasin zai ce ka ƙirga kwanaki iri uku. Kwana nawa kaya ke zama a sito kafin a saya, a ce 45. Kwana nawa masu karɓa bashi ke ɗauka kafin su biya, a ce 30. Kai kuma kwana nawa mai kawo maka kaya yake ɗaga maka ƙafa, a ce 15. Haɗa na farko da na biyu ka cire na uku, 60 kenan, wato duk kuɗin da ka zuba a kaya sai ya yi wata biyu a waje kafin ya dawo. Kaga ashe duk lokacin da ciniki ya ƙaru, kuɗin da ke maƙale a hanya ma ƙaruwa yake, shi yasa kasuwanci yake iya cin riba a takarda kuma ya kasa biyan albashi, har ya durƙushe a lokacin da kowa ke ganin yana bunƙasa. Da zarar ka ga lambar taka, ka san wurare uku ne zaka taɓa, ko kaya su daina daɗewa, ko ka matsa wa masu bashi, ko ka roƙi ƙarin kwanaki daga mai kawo kaya, kuma a nan ne kwas ɗin Siedel zai maka rana, dan babban abin da yake nanatawa shi ne kar ka zauna ciniki sai ka san me zaka yi in cinikin ya watse, ƙarfinka a teburin daga nan yake fitowa.

A darasin tafiyar da aiki ma haka. In aikinka hawa uku ne, na farko yana iya fitar da 30 a awa, na biyu 12, na uku 20, to 12 kake fitarwa a awa ko ka so ko ka ƙi, kuma in ka ƙara ma'aikaci a hawan farko kuɗi kawai ka ƙona, kaya zasu taru ne a gaban na biyu. Tashi ka tsaya da agogo ka auna naka, sau da yawa inda ake ta ihu ba nan ne maƙurar take ba. Peter Fader kuma zai sa ka buɗe littafin cinikinka ka jera kwastomomi daga wanda ya fi kawo riba zuwa ƙasa, dan hujjarsa ita ce kwastomomi ba ɗaya suke ba kuma bai kamata a kashe musu ƙarfi iri ɗaya ba. Zaka iya tarar da wanda ya fi kowa damunka da waya da ƙorafi yana can ƙasan jerin.

Buɗe fayil ɗaya a Excel ko Google Sheets, ko littafi in ka fi sakewa da shi, duk mako ka ƙara shafi guda da abin da ka lissafa da shawarar da ka canza saboda shi. In mako biyu suka wuce a jere babu abin da ka iya sakawa, alama ce kwas ɗin ba na matsalarka bane, ajiye shi ka koma mataki na uku. Haka in a mako na uku ka samu amsar tambayarka, sauran makonnin kuma sun shiga harkar haɗewar manyan kamfanoni da bata shafe ka ba, babu laifi ka tsaya a nan, ba wanda ya ɗora maka alƙawarin sai ka ga ƙarshe.

Mataki na bakwai: san abin da ba zasu koya maka ba

Doka da haraji na ƙasa ne, kowace da nata. Malamin da ke Amurka dokar Amurka yake koyarwa, kuma ko a akantin su da ƙa'idojin lissafinsu na gida mai suna GAAP suke aiki yayin da ƙasashe sama da 140 ke bin na ƙasa da ƙasa mai suna IFRS, akwai ma hanyar ƙiyasta kuɗin kayan sito mai suna LIFO da Amurka ta yarda da ita amma IFRS ta hana. Dan haka ɗauki tunanin da yadda ake lissafin daga kwas, amma rajistar kamfani da haraji da haƙƙin ma'aikata da kwantiragi, wannan sai hukumomin ƙasarka da akanta ko lauyan da ke aiki a inda kake. Ribar kwas ɗin a nan ita ce in ka zauna da akantan zaka san me zaka tambaye shi kuma zaka gane amsar.

Misalansu ma yawanci na manyan kamfanoni ne masu dubban ma'aikata da bayanan ciniki na shekaru a kwamfuta. Kar wannan ya kashe maka gwiwa, kuma kar ka kwafa ido rufe, kamfanin da zai iya jure asarar shekara biyar dan ya mamaye kasuwa ba sa'anka bane.

Mataki na takwas: maganar satifiket, da giɓi na gaba

In kasuwancin naka ne, satifiket bashi da wani amfani, kwastoma bai taɓa tambaya ba. In kuma aiki kake nema ko ƙarin girma, yana ɗan taimakawa a takardar neman aiki da LinkedIn, amma ka rubuta shi yadda yake, kwas na intanet daga jami'a kaza ta shafi kaza, kar ka ce ka yi karatu a Wharton ko Yale, masu ɗaukar aiki sun san bambancin kuma ranar da aka gano ka girmanka ya zube. Abin da ya fi takardar tasiri a intabiyu shi ne ka iya cewa na lissafa kaza a wurin aikina, muka canza kaza, ga abin da ya fito, kuma fayil ɗin nan na mataki na shida shi ne shaidarka. In dai lallai kana son takardar ba tare da biya ba, ga OpenLearn, ga tallafin Coursera, edX ma suna da fom ɗin neman ragi. Wanda kuma yake son cikakken digiri, University of the People da aka kafa a 2009 bata karɓar kuɗin koyarwa amma ana biyan kuɗin jarrabawar kowane darasi, dan haka a shiga da sanin ba kyauta bace gaba ɗaya.

Kafin ka ɗauki kwas na biyu bari wata guda ya wuce kana aiki da na farkon, ka rufe lissafin wata ɗaya cikakke da sabuwar hanyar ka ga ko ta zauna. Sannan ka ɗauko takardar nan ta farko ka sake karanta tambayoyin, wasu zaka tarar sun amsu da kansu ka soke su, wasu kuma sababbi zasu fito waɗanda da can baka ma san ana tambayarsu ba, kamar nawa ya kamata ka riƙa ware wa lalacewar inji duk wata, ko albashin nawa ya kamata kai mai kasuwancin ka yanka wa kanka maimakon ɗiba daga aljihun kasuwanci duk sanda buƙata ta taso. Cikinsu zaɓi wadda ta fi tsada, ka koma Class Central ka rubuta ta.